Wata bakwai ina neman littafi ɗaya a Maraɗi

Kawuna yana da sito a bayan babbar kasuwar Maraɗi, yana harkar aya da wake da riɗi. Dillalai ke kawo masa kaya daga ƙauyukan Agye da Tasawa da Mayayi, wasu kuma su ɗauki buhu goma ko ashirin bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da kasuwa ke ci. Shekara da shekaru a manyan littattafan rajista yake rubuta komai. Da na gama lisans, wato digirin farko, a fannin kwamfuta na zauna gida babu aikin yi, sai na rubuta masa ƴar manhaja da yaren kwamfuta na Python, wadda ke ajiye wanda ya ɗauki kaya da wanda ya biya, ƙarshen wata a danna maɓalli ɗaya ta fito da sauran bashin kowa. Da farko abin kamar ƙiftawar ido. Amma da muka shigar da tsofaffin rajistoci, layin ɗaukar kaya ya kai wajen 20,000, na biya ma kusan haka, sai ta fara jan ƙafa. Bayan ƙaramar sallar 2023 abin ya kai in danna maɓallin, in je in yi la'asar, in dawo in tarar tana nan tana nishi. Kawu ya ce mini, "Ɗan nan, odinatar nan taka ta tsufa. Mu sai wata?" Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Saura ƙiris in sa shi ya fitar da jikka 250 a banza. Ga ƴan'uwanmu na Najeriya, jikka a wajenmu sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5, don kada lissafin da ke tafe ya rikita ku.

Kafin a sayi sabon inji na ce bari in je in gaida wani tsohon malamina a unguwar Zariya, in nuna masa. Na same shi a gindin dogon yaro ana dafa shayi. Ya karɓi kwamfutar ya ɗora a cinya, bai yi minti biyar yana karanta kod ɗin, wato rubutun manhajar, ba ya yi dariya. Ya ce, "Injin ba shi da laihi. Kai ne ka sa shi ya ɗauki kowane bashi ya bi masu biya kaf yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya." Na ce, "Mushe, to yaya zan yi?" Ya ce zai iya gyara mini a take, amma wata mai zuwa zan dawo masa da irinta. Ya yagi takarda ya rubuta mini sunan wani littafi da Faransanci, Introduction à l'algorithmique, da sunan Cormen a ƙasa. Na tambaye shi ko yana da shi. Ya ce ya taɓa mallaka, wani ɗalibi ya ara shekarun baya, daga littafin har ɗalibin bai sake ganinsu ba, kuma tun ranar ya rantse ya bar ba da aron littafi. Wannan ƴar takardar na riƙe kamar laya, kuma ita ce ta fara ɓatar da ni, kamar yadda za ku gani.

Washegari na nufi ɗakin karatu na makarantar da na gama. A ƙofa aka ce in nuna katin ɗalibi na bana. Nawa ya ƙare aiki tun bara. Aka tura ni wajen mai kula da ɗakin, aka ce ya fita, in dawo da yamma. Da yamma aka ce an tashi. Sai a zuwa na uku na same shi, mutum mai kirki kuwa, ya ce tsohon ɗalibi yana iya karatu a ciki idan ya rubuto takardar neman izni da hannu, ya haɗa da kwafin takardar shaidar gama karatu da hoto guda. Babu wanda ya gaya mini haka a zuwa biyun farko, kuma ban yi wayon tambaya ba, ina ta neman mutum maimakon in nemi ƙa'ida. Takardar ta kwana goma kafin a sa mata hannu. Da na shiga, littafin yana cikin rajistar ɗakin da lambarsa da komai, amma a kan kanta babu shi. Madan ɗin da ke zaune a tebur ta duba wani littafi ta ce, "Yana hannun wani malami." Na ce yaushe zai dawo? Ta dube ni ta saman gilashi, ba ta ce komai ba. Ta ƙara da cewa ko ya dawo ba a fita da shi, a nan ake karantawa. Kuɗin kabu-kabu kawai na kashe a wannan zirga-zirga ya fi jikka biyu, ga zafin watan Mayu wanda ɗan Maraɗi ba sai an ba shi labari ba.

Shagunan littattafai na cikin gari ba su ɗauke ni lokaci ba. Akwai littattafan firamare da na koleji, da tarin tsofaffin jarrabawar BEPC ta gama koleji da BAC ta gama sakandare, da ƙamus, da littattafan addini. Wani mai shago ya juya takardata ya ce, "Wanga sai Yamai, ko Kano." Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba. Ba zai ajiye kayan da sai shekara biyar mutum ɗaya zai tambaya ba.

Sai na koma inda kowa ke komawa. A wani zauren WhatsApp na tsofaffin ƴan ajinmu wani ya turo mini littafin cikin fayil. Hoto aka ɗauki shafukan, wasu a karkace, wasu ɗan yatsan mai ɗauka ya rufe rabin lissafi. A fuskar waya kuwa, idan ka buɗa rubutu ya yi girma, zanen da ake magana a kansa ya fice daga gani. Na kai wajen mai fotokopi kusa da tasha, ya ce shafi dala biyar, wato sefa 25. Littafin ya haura shafi dubu, ka ga kuɗin ya wuce jikka 25 tun ba a yi maganar ɗauri ba, kuma abin da za ka samu baƙi-baƙi ne wanda ƙananan lambobin da ke maƙale a ƙasan haruffa ba sa fitowa. A irin wannan littafi kuwa, waɗannan ƙananan lambobi su ne maganar. Ban da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Ni da nake fatan wata rana a biya ni kuɗin manhajar da na rubuta, ban ji daɗin fara sana'ar da cin gumin wasu ba. Ba wa'azi nake yi wa kowa ba, na san halin da ɗalibi yake ciki. Na dai bar wannan hanyar.

Shawara ta gaba ita ce in saya ta intanet daga Faransa. A nan ne na sha yawo mafi tsawo. Ana bukatar katin Visa, ni kuwa ko asusu ba ni da shi. Wani aboki ya ce akwai katin da ake zuba wa kuɗi a gaba, ba sai kana da asusu ba. Na je wani banki da sassafe, na karɓi lamba na zauna. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka kira ni, matar ta karɓi katina na ɗan ƙasa ta mayar mini, ta ce ya ƙare aiki. Ban taɓa lura ba. Na tafi kwamisariya da takardar haihuwa da hotuna, aka yi mini sabo cikin ƴan kwanaki. Na koma banki, aka ce saura takardar shaidar wurin zama, tunda takardar kuɗin wutar gidanmu da sunan mahaifina take. Na je na yi ta, na sayi tambur aka manna. Zuwa na uku aka karɓi takardun, na cika fom, na biya jikka goma da ƴan kai kuɗin kati, aka ce in jira kira. Kiran ya zo bayan mako biyu. Da a zuwan farko na ce a rubuta mini duk abin da ake bukata a takarda ɗaya, da na rage wa kaina mako guda cur. Ma'aikacin banki abin da ya gani ya ɓace a gabansa kawai yake faɗa maka, ba ya hango maka na gaba sai ka tambaya.

Da kati ya zo hannu, sai shafin sayarwa ya ce in rubuta sunan titi da lambar gida. Gidanmu kwatancensa shi ne bayan masallaci, kusa da mai injin niƙa. A Nijar wasiƙa ba ta zuwa gida, akwatin gidan waya take zuwa. Na je gidan waya na yi tambaya, aka nuna mini bangon nan mai cike da ƙananan akwatuna, kowanne da lambarsa da makullinsa, ana biyan haya shekara-shekara. Ban kama nawa ba, wani abokin kasuwancin kawu ya ba ni izni in yi amfani da nasa. Lambar yanki kuma da ake tambaya, ta Maraɗi 4000 ce. Na cika komai ina murna, sai mai sayarwa na farko ya ce ba ya aikawa Nijar. Na biyu ya yarda, amma kuɗin aikawa ya kusa kama kuɗin littafin, jimla ta doshi Yuro 100. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ka ga ana maganar jikka 65 ke nan. Abin da ke cikin katina jikka 40 ne. Na ce bari in jira ƙarshen wata in cika.

Ƙarshen watan shi ne na Yulin 2023. Ranar 26 ga wata sojoji suka karɓi mulki a Yamai. CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, aka rufe sararin samaniya na wani lokaci, samun tsabar kuɗi a banki ya zama aiki. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wadda na sa a raina cewa idan komai ya ƙi zan bi ta in je Kano, ita ma ta toshe. Farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuma wutar Maraɗi daga wajen Katsina take zuwa. A lokacin maganar littafi ta zama abin kunya a faɗa, mutane suna ta shinkafa da magani. Kuɗina suka zauna a kati, daga baya na ciro su da asarar kuɗin cira. Amma a watannin nan ne na daina ganin littafin takarda a matsayin ƙawa. Sai ka kai waya caji wajen mai faranti mai hasken rana ka biya dala ashirin, ka dawo kana lissafin ko karatu za ka yi da ita ko kira. Takarda kuwa ba ta neman caji.

Tun watan Yuni na tura wa wani abokina da ke aiki a Yamai hoton takardar mushe. Ya zagaya shagunan da ya sani, ko'ina a ce babu, wani ma ya ce an daina buga shi. Sai a watan Nuwamba, da ya haɗu da wani da ya dawo daga karatu a Maroko yana sayar da littattafansa, asiri ya tonu. Sunan da mushe ya rubuta mini na tsofaffin bugu ne. Asalin littafin da Turanci yake, Introduction to Algorithms, MIT Press ta fara buga shi a 1990 da marubuta uku, Cormen da Leiserson da Rivest. A bugu na biyu, 2001, Stein ya zama na huɗu. Bugu na uku ya fito a 2009, na huɗu a 2022. Kamfanin Dunod na Faransa da ke fitar da fassarar, da ya zo bugu na uku a 2010 sai ya taƙaita sunan ya koma Algorithmique kawai. Wato wata biyar abokina yana tambayar littafin da sunan da ya riga ya tuɓe. Da hoton bango na nema na tura masa, ko lambar ISBN da ke bayan kowane littafi, da ko yaron shago ya gane shi. Mutumin ya sa jikka 35, abokina ya taya, aka tsaya a 28.

Tura kuɗin bai ba ni wuya ba. A Nijar kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sun sauƙaƙa wannan, ka ba da katinka da sunan mai karɓa da lambar wayarsa, ka biya ɗan lada, kafin ka fito daga layi saƙo ya isa. Abokina ya naɗe littafin a kwali ya kai tashar wata motar safa, ya biya jikka biyu, ya turo mini hoton rasiɗi. Tafiyar ta fi kilomita 600, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji, yini guda ce. Washegari da hantsi ina tasha. Mai ba da saƙo ya duba rajista ya duba katina, ya ce ba ni ba ne. Abokina ya rubuta sunana yadda muke rubuta shi da Hausa, da "w", a katina kuwa rubutun Faransanci ne, da "ou" da wani "e" a ƙarshe. Ina ganin kwalin a kan kanta, da rubutun abokina a jiki, amma mutumin ya ce, "Malam, ni abin da ke rubuce nike bi." Na nuna masa hoton rasiɗi, ya ce sai wanda ya aiko ya je tashar can an gyara. Abokina yana wurin aiki, sai bayan kwana biyu ya samu zuwa. A ranar na ji haushin mutumin nan ƙwarai. Yanzu kuwa ina ganin da ya saba miƙa kaya ga duk wanda sunansa ya yi kama, da wani ya daɗe da tafiya da kayan wani. Na karɓi littafin cikin hunturun Disamba, ya fi bulo nauyi, gefen shafukan ya yi ja da ƙura, tsohon mai shi ya ja layi da jan biro a babi uku na farko, daga nan fes. Wannan ya kamata ya zama mini gargaɗi.

Na fara daga shafi na ɗaya kamar mai karanta labari. Babi na biyu ya tafi lafiya, yana bayanin jera lambobi ta hanyar ɗaukar kowace ka soka ta a gurbinta, kamar yadda kawu ke jera takardun kuɗi da yamma, sai kuma ɗaya hanyar ta raba tari biyu, ka jera kowanne, ka haɗe su. Daga babi na uku zuwa na huɗu ƙasa ta fara zamewa. Logaritim, jimlar jerin lambobi, hujjar da ake ginawa mataki kan mataki, duk abubuwan da na yi don in ci BAC na watsar. Na yi mako uku a kan shafi goma. Dare ɗaya na rufe shi na ce wa kaina jikka 30 ta tafi, ni ma jan birona a nan zai tsaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu Python a ciki, babu C, babu Java. Duk algoritim ɗin, wato matakan da ake bi a warware matsala, an rubuta su da wani kod na kwatance wanda ba na kowane yare ba, ba za ka kwafa ka liƙa ya yi aiki ba.

Na koma Zariya da littafin a jaka. Mushe ya karɓa ya shafa bangon kamar ya ga ɗan'uwa. Da na gaya masa inda na maƙale ya ce, "Wa ya ce maka littahin sauka ne? Kasuwa ce. In gishiri ya kawo ka, ba ka bin layin masu atamfa." Ya buɗe gabatarwar da na tsallake ya nuna mini inda marubutan da kansu suka ce an tsara babobin yadda kowanne zai iya tsayawa kusan shi kaɗai, kuma sassan da aka sa wa tauraro na masu karatun gaba da digiri ne. Ya juya can baya ya nuna mini rataye na lissafi, inda duk abin da na manta yake a taƙaice. Sannan ya ba ni aiki: in mayar da hanyar jera lambobi ta farko zuwa Python da hannuna, in gwada shi da lamba 1000, sannan 2000, sannan 4000, in riƙa rubuta daƙiƙoƙin da ya ci.

Wannan aikin ne ya buɗe mini kai. Da farko ma bai yi ba, lamba ɗaya kullum tana zama ba a gurbinta ba. Na yi awa biyu kafin in gane cewa littafin daga 1 yake fara ƙirga gurbi, Python kuwa daga 0. Duk wanda zai yi aiki da bugu na uku ya riƙe wannan. Da ya tashi, na ga abin da idona: na ninka lambobi sau biyu, lokaci ya ninka sau huɗu. Na sake ninkawa, ya sake ninka huɗu. Abin da babi na uku ke ta faɗa da alamomi ke nan, ni ina ganin yaren aljanu. Na ɗauko manhajar kawu na duba, zagaye ne a cikin zagaye, kowane bashi yana bin duk biya. 20,000 sau 20,000, kwatance miliyan 400 ke nan a kowace dannawa. Ko sabon inji mai saurin ninki biyu muka saya, da rajista ta ƙara kauri za mu koma gidan jiya.

Maganin yana babi na 11, teburin hash. Ina karantawa sai bangon gidan waya ya faɗo mini a rai. Ma'aikaci ba ya bin akwatuna yana tambayar na wane ne wannan, lambar da ke kan wasiƙa ita ke kai shi akwatin kai tsaye. Haka teburin yake: a juya suna ko lambar waya ta zama lambar gurbi, a jefa bayanin a can, ranar nema a je can kai tsaye. Abin dariya da ban haushi shi ne wannan teburi yana cikin Python tun fil azal, shi ne dict, kuma tun shekarar farko na san shi. Ban dai san abin da yake yi a ciki ba, don haka ban san ranar da ake kiransa ba. Layi biyar na canza. Aikin da ke cin tsawon sallar la'asar ya koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya a kan tsohon injin nan da aka kusa yi wa ritaya.

Na biyu da littafin ya yi mini ya fi wannan daɗi, don shi ban san ma ana iya yinsa ba. A rajistar kawu mutum ɗaya yana iya zama mutum uku. Yaron shago da ya yi lakwal zai rubuta Ousmane, wanda ya yi karatu a Katsina ya rubuta Usman, wani ya rubuta Usmanu. Ciwon da ya riƙe mini kwali a tasha, shi ne a cikin lissafinmu. A babi na 15 akwai dabarar warware babbar tambaya ta hanyar ajiye amsoshin ƙananan a tebur don kada a maimaita lissafi, kuma cikin matsalolin ƙarshen babin akwai ta auna nisan da ke tsakanin kalmomi biyu, wato harafi nawa za ka cire ko ka ƙara ko ka musanya kafin wannan ta zama waccan. Tsakanin Ousmane da Usman biyu ne kacal, ka cire na farko da na ƙarshe. Na yi mako biyu kafin nawa ya yi aiki. Da na sa shi ya haɗe duk sunayen da nisansu bai wuce biyu ba, sai ya haɗe Hasan da Hasana, ya ɗora wa mace bashin namiji. Dole na mayar da shi mai ba da shawara kawai: ya kawo sunayen da suka yi kama, da ƙauyensu da lambar waya, mutum ya yanke hukunci. Wannan kam babu shi a littafi, a sito na koye shi.

Yanzu shekara ta zagayo da ƴan kai, kuma abin da na karanta bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Bugun da ke hannuna yana da atisaye 957 da manyan matsaloli 158, waɗanda na yi ba su kai ɗari ba. Yawancin aikin da ake kawo mini a Maraɗi, na kantin magani ne ko na makaranta mai son fitar da sakamakon ɗalibai, kuma ba ya bukatar rabin abin da ke ciki. Littafin ba zai koya maka gina shafin intanet ba, ko manhajar Android, ko rumbun bayanai, ko yadda za ka yi ciniki da alhajin da ke ganin manhaja iska ce da bai kamata a biya ba. Wani ƙanena da ke shekarar farko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce zai tara kuɗi ya saya, na hana shi. Wanda bai rubuta abin da ya yi aiki har ya gaza a hannunsa ba, wannan littafi tsoro kawai zai ba shi, kamar yadda ya ba tsohon mai shi. Ya fara rubuta kod na wata shida ko shekara, ya tayar da lissafinsa na lise, in ya samu intanet mai arha da dare ya kalli darussan algoritim da jami'ar MIT ta Amurka ta sa kyauta a YouTube. Ranar da abin da ya gina ya fara nishi, ya zo ya ara. Ga wanda kuwa yake neman aiki da kamfanonin waje, irin tambayoyin da suke yi a jarrabawar ɗauka daga wannan fanni suke fitowa, shi kam ba shi da mafita.

Maganar Faransanci ko Turanci, da zan sake, na Turanci zan nema. Fassarar ba ta da laifi, kuma ta sauƙaƙa mini shiga. Amma duk lokacin da na maƙale na je neman bayani a intanet, sai na fara neman sunan abin da Turanci tukuna, don a can amsoshin suke. Tun da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024 hanyar Kano ta dawo, kuma wani abokina ya samo na Turanci a can, bugun Indiya mai siririyar takarda, a ƙasa da abin da na biya. Idan ku uku ne ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya, babu wanda ke bukatarsa kullum. Katin bankin nan kuwa da ya ci mini wata guda, har yau ban sayi komai da shi ba.

Ranar da na nuna wa kawu sabon aikin, ya danna maɓallin da kansa, lissafi ya fito kafin ya ɗauke yatsa. Bai yi murna ba. Ya ce, "Anya ya duba duka?" Sai da ya sa aka ɗauko rajista uku muka bi sunaye ashirin da hannu. A na sha huɗu muka tarar da wani dillali da ke da suna biyu, ɗaya ya biya, ɗaya ana binsa buhu uku na aya tun bara, alhali mutumin ya daɗe da sauke nauyinsa. Kawu ya yi shiru, ya ce a kira shi a ba shi haƙuri. Da ya tambayi sunan ilimin, na ce algoritim, kuma kalmar daga sunan Alkawarizmi ta fito, wani malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Ya ce, "Ashe namu ne, kuka bari sai da ya zagaya ta Amurka."

Makon jiya mushe ya aiko yaro da ƴar takarda, yana son aron littafin na kwana goma, zai shirya darasi. Na ɗauko ɗaya daga tsofaffin rajistocin kawu da ta rage da sauran shafi, na rubuta sunan mushe yadda yake a katinsa, da kwanan wata, na ce wa yaron ya kai masa ya sa hannu tukuna.